Hanyoyin da ƙoda ke bi da sinadaran radiyeshan na ɗaukar hoton jiki

Duk wanda ya taɓa kallon hoton ƙashi irin wanda ake ɗauka a sashen likitancin nukiliya zai lura da wani abu. Ƙasusuwa ake nema, amma ga ƙoda biyu nan sun fito, ga kuma mafitsara ta fi komai haske. Haka ma a hoton PET da ake neman cutar kansa (ciwon daji) da shi. Ba wanda ya aiki ƙoda, sai dai kusan duk abin da aka tsira wa mutum a jijiya, in dai ƙarami ne kuma yana narkewa a ruwa, tilas ya bi ta hannunta. Abin da za ta yi da shi kuwa ya danganta da irin sinadarin. Wani ta tace shi ya wuce, wani ta fizgo shi daga jini ta tura shi cikin fitsari, wani kuma ta riƙe shi ta ƙi saki. Wanda bai san hanyar da sinadari ya bi ba, ko an ajiye masa hoton a gaba ba zai karanta shi daidai ba, domin hoton rahoto ne na abin da ƙoda ta yi da wannan sinadarin a cikin 'yan mintoci ko 'yan awoyi.

Sinadarin bin sawu, wato wanda ake yi wa mutum allurarsa kafin a ɗauki irin wannan hoton, abu biyu ne aka haɗa. Akwai ƙwayar zarra mai fitar da radiyeshan, akwai kuma sinadarin da aka ɗaura ta a jikinsa. Ƙwayar zarrar kamar ƙararrawa ce a wuyan dabba: tana sanar da kai inda dabbar take, amma ba ita ke zaɓen hanya ba. Wadda aka fi amfani da ita ita ce teknetiyam-99m, da ake yin kusan kashi 80 cikin 100 na hotunan nukiliya na duniya da ita. Carlo Perrier da Emilio Segrè ne suka gano teknetiyam a Palermo ta Italiya a 1937, sannan a 1958 masana a ɗakin bincike na Brookhaven a Amurka suka ƙera na'urar da ake tatsar teknetiyam-99m daga molibdinam-99, wanda hakan ya sa asibitin da ke nesa da tashar nukiliya ma zai iya samunta. Ƙarfinta na raguwa da rabi duk bayan awa 6, don haka bayan awa 24 abin da ya rage bai wuce kashi 6 da ɗoriya cikin 100 ba. Hasken gamma da take fitarwa ya dace da kyamarar da Hal Anger ya ƙirƙiro a ƙarshen shekarun 1950. Teknetiyam ɗin nan ɗaya ce a DTPA da MAG3 da DMSA, sinadarai uku da ake binciken ƙoda da su, amma kowannensu hanyarsa daban a cikin ƙoda.

Ƙoda biyu tare nauyinsu bai wuce giram 300 ba, amma suna karɓar kashi 20 zuwa 25 cikin 100 na jinin da zuciya ke harbawa, wato sama da lita ɗaya kowane minti. In aka cire ƙwayoyin jini, ruwan jinin da ke ratsa su ya kai mililita 600 a minti. A kowace ƙoda akwai ƙananan ma'aikatu kusan miliyan ɗaya da ake kira nefuron, kowane yana farawa da curin siraran jijiyoyi, wato matata, sannan ya zarce da dogon siririn bututu. Matatar tana tace kusan mililita 120 a minti, kashi ɗaya cikin biyar ke nan na ruwan jinin da ya iso. A kwana ɗaya hakan ya kusa lita 180. Bututun ne ke sake tsotse kusan duka, ya bar lita ɗaya zuwa biyu ta fita a matsayin fitsari. Sauran kashi huɗu cikin biyar ɗin da ba a tace ba suna wucewa ta jijiyoyin da suka nannaɗe bututun, kuma a nan ne ƙwayoyin halittar bututun ke samun dama ta biyu su cafke abin da ya tsallake matata.

An daɗe ana jayayya a kan wannan. A shekarun 1840 Carl Ludwig ya ce tacewa ce tushen fitsari, Rudolf Heidenhain kuma a 1874 ya ce bututun ne ke fitar da abubuwa da kansa. Sai a 1923 Marshall da Vickers suka tabbatar da cewa bututun na fitar da wani jan rini daga jini, a 1924 kuma Wearn da Richards suka zuƙo ruwa daga matatar ƙodar kwaɗo suka nuna tataccen ruwan jini ne. Ashe kowa na da gaskiyarsa. Likitancin nukiliya ya zo ya ci moriyar ɓangarorin biyu.

DTPA shi ne mafi sauƙin sha'ani. Ƙarami ne, ba ya manne wa furotin na jini sai ɗan kaɗan, bututu ba ya fitar da shi kuma ba ya sake tsotse shi. Ta matata kawai yake fita. Saboda haka a kowane zagaye ƙoda na cire kusan kashi 20 cikin 100 na abin da ya iso gare ta, ba ƙari. Wannan halin ne ya sa ake auna ƙarfin tacewar ƙoda da shi: a yi allura, a ɗebi jini bayan awa biyu, uku, huɗu, a ga saurin ɓacewarsa. Awon ya fi lissafin da ake yi daga kiriyatinin (wani datti da tsoka ke zubarwa cikin jini) daidaito, musamman ga wanda tsokar jikinsa ta zube ko mai yawan tsoka, shi ya sa ake nemansa ga mai son ba da kyautar ƙoda da kuma wanda za a ba wasu magungunan cutar kansa da ake lissafa adadinsu bisa ƙarfin ƙoda. Rauninsa kuwa a hoto yake. Idan ƙoda ta yi rauni, kashi 20 na abin da ba shi da yawa ba ya isa ya haskaka ta, sinadarin ya yi ta yawo a jini da tsoka, hoton ya fito dishi-dishi.

MAG3 kuwa, wanda Alan Fritzberg da abokan aikinsa suka fito da shi a 1986, labarinsa ya fi ban sha'awa. Kashi 80 zuwa 90 cikin 100 nasa a manne yake da furotin na jini, furotin kuma bai cika ratsa matata ba saboda girmansa. A ƙa'ida ya kamata a ce irin wannan sinadarin zai daɗe a jiki. Amma sai ga shi yana fita fiye da DTPA sauri: kusan kashi 70 cikin 100 na shiga fitsari a cikin minti 30, kusan kashi 90 a cikin awa uku. Sirrin yana jikin bututun farko da ke bin matata. Ƙwayoyin halittarsa na da wasu ƙofofi na furotin, babbarsu ana kiranta OAT1, da ke fizgar wasu sinadarai daga jinin da ke wucewa ta gefe, su tura su cikin bututun. Mannewar MAG3 da furotin ba mai ƙarfi ba ce, da an fizge wanda ke sake sai wani ya saku. Da haka ƙoda ke cire kashi 40 zuwa 50 a kowane zagaye, ninki biyu na DTPA. Mannewar ma alheri ce ta wata fuska, domin tana hana shi tsiyaya cikin tsoka, sai ƙodar ta fito tas a hoto. Ga jarirai, ga masu raunin ƙoda, ga wanda aka yi wa dashe, MAG3 ya fi, kuma a ganina ba abin jayayya ba ne. Kafin zuwansa ana amfani da hifuran mai aidin-131, wanda ƙoda ta fi ƙwarewa wajen cire shi, sai dai aidin-131 na ɗaukar kwana 8 kafin ƙarfinsa ya ragu da rabi, kuma radiyeshan ɗinsa ya yi wa kyamara tsauri, dole a ba da ɗan kaɗan a samu hoto maras kyau.

Ƙofofin nan ba na MAG3 kaɗai ba ne. Ta nan fenisilin ke fita, ta nan furosemid, maganin sa fitsari, ke shiga bututu, kuma maganin furobenesid na toshe su. Ke nan maganin da mutum ke sha na iya rage saurin fitar sinadarin alhali ƙodar lafiyarta ƙalau.

Idan aka yi allurar, ana kwantar da mutum kyamara na bayansa, ana ɗaukar hotuna a jere na minti 20 zuwa 30, kwamfuta na zana layin da ke nuna yawan radiyeshan a kowace ƙoda daƙiƙa bayan daƙiƙa. A minti na farko layin na tashi da sauri, isowar jini ke nan. Daga nan zuwa minti na uku yana ci gaba da hawa a hankali, ƙoda na tara sinadarin, kuma ba abin da ya fita tukuna. A wannan ɗan tsakanin ne ake lissafa rabon aiki tsakanin dama da hagu, wanda a mai lafiya ke tsakanin kashi 45 da 55. Layin na kai ƙololuwa wajen minti uku zuwa biyar, sannan ya gangaro yayin da fitsari ke sauka mafitsara. Akwai tarko a lissafin rabon nan, kuma mutane na yawan faɗawa. An ce maka hamsin da hamsin, ka ji daɗi, alhali ƙoda biyun na iya kasancewa sun lalace daidai wa daida. Haka nan ƙodar da ta tashi daga kashi 40 zuwa 48 ba lallai ta samu sauƙi ba, wataƙila 'yar'uwarta ce ta ja baya.

Inda aka fi buƙatar wannan gwajin shi ne lokacin da hoton sikanin ya nuna mazurarin ƙoda ya kumbura, wato wurin da fitsari ke taruwa kafin ya shiga bututun da ke kai shi mafitsara. Kumburi ba ya nufin toshewa a koyaushe. Wani mazurarin faɗi kawai gare shi, fitsari na taruwa ya jinkirta amma yana fita. Wani kuma an shaƙe masa hanya, matsin na cinye ƙodar sannu a hankali. A hoton da ke nuna siffa kaɗai, su biyun na iya kama da juna. Sai a yi allurar furosemid, galibi miligiram 40 ga babba, a tilasta wa ƙodar ta kwararo fitsari da yawa. In faɗi ne kawai, ambaliyar na wanke sinadarin, rabinsa ya fita a ƙasa da minti 10. In ya haura minti 20 bai fita ba, ana zargin toshewa. Tsakanin 10 da 20 kuwa ba a yanke hukunci.

Lambobin nan suna da daɗin haddacewa, kuma nan ne hatsarinsu yake. Furosemid ba ya aiki daga cikin jini, sai bututun farko ya fitar da shi ya gangara zuwa lanƙwasar Henle, wani sashe na bututun da ke gaba, can yake hana tsotse gishiri da ruwa. Ƙodar da ta yi rauni ba ta iya kai maganin inda zai yi aiki yadda ya kamata, ba ta kwararo fitsari, layin ya ƙi saukowa, ya yi kama da toshewa alhali hanya a buɗe take. Wanda ya zo da ƙishirwa ma haka. Mafitsarar da ta cika tana mayar da matsi sama ta hana sauka. Mazurarin da ya yi girma ainun, ko an buɗe masa ruwa, wankewarsa na ɗaukar lokaci. Ƙodar jariri sabuwar haihuwa kuma ba ta gama nuna ba, shi ya sa ake jinkirta gwajin 'yan makonni in ba dole. Don haka ake shayar da mutum ruwa kafin a fara, a sa shi ya yi fitsari, bayan an gama kuma a tashe shi tsaye ya sake fitsari a ƙara ɗaukar hoto ɗaya. Wannan hoton na ƙarshe, mai sauƙi kamar ba komai ba, ya sha raba mutane da tiyatar da ba sa buƙata. Likitan da ya tsaya a kan lamba ɗaya ya rubuta "toshewa" bai yi wa mai jinya adalci ba.

Da hikima irin wannan ake binciken hawan jinin da ƙuncin jijiyar ƙoda ke jawowa. Ƙodar da jini ya yi mata ƙaranci tana dogara da sinadarin anjiyotensin II, wanda ke matse jijiyar da ke fita daga matata don matsin tacewa ya tsaya. A ba mutum kaftofuril, maganin da ke hana samar da anjiyotensin II, awa ɗaya kafin hoto, matsewar ta saki, tacewa ta faɗi a ƙodar da ke da matsalar. Da DTPA sai a ga ta kasa ɗauka. Da MAG3 kuwa tana ɗauka, tunda bututu na aikinsa, amma babu isasshen ruwan da zai gangaro da shi, sai ya maƙale a naman ƙodar. Cuta ɗaya, hoto iri biyu. A yau hotunan jijiya na CT da MRI sun karɓe yawancin wannan aikin.

Hanya ta uku ita ce ta DMSA, wanda ake so ya zauna. Bayan awa biyu zuwa huɗu, kashi 40 zuwa 50 cikin 100 na abin da aka yi allurarsa ya tare a ɓawon ƙoda, cikin ƙwayoyin bututun farko. Bincike ya nuna yana manne wa wani ƙaramin furotin na jini da ke iya ratsa matata, sannan wasu masu kamu biyu a bangon bututun, megalin da kubilin, su haɗiye su tare. Aikin waɗannan biyun da ma shi ne ceto ƙananan furotin kada su zube a fitsari. Shaidar hakan ita ce masu ciwon Fanconi ko ciwon Dent, waɗanda wannan tsarin ya lalace musu: ƙodarsu ba ta riƙe DMSA, sai ya zube mafitsara, ko da tacewarsu ba ta yi muni ba. Tunda yana zaune, ana samun lokacin ɗaukar hoto mai kaifi, duk inda naman ƙoda ba ya aiki sai ya fito a matsayin giɓi. Da shi ake neman tabo a ƙodar yaran da ciwon mafitsara ya haura musu sama. Amma kumburin da ke tare da ciwon shi ma giɓi yake nunawa, kuma sau da yawa yana warkewa, don haka ake jira wata huɗu zuwa shida kafin a kira giɓi tabo.

Duk waɗannan ƙodar ake nufi da su. A sauran hotuna kuwa aikinta wani lokaci taimako ne, wani lokaci cikas. A hoton ƙashi, kusan rabin sinadarin MDP ne ke manne wa ƙashi, sauran ƙoda ce ke share shi, shi ya sa ake jira awa biyu zuwa huɗu ana shan ruwa kafin a ɗauki hoto. In kansa ta bazu ko'ina a ƙasusuwa, sukan shanye sinadarin har ƙoda ta rasa abin fitarwa. Hoton ya fito da kyau fiye da kima, ƙasusuwa tas, ƙoda kuma ba a ganinta. Wanda bai ƙware ba sai ya ce lafiya lau, alhali rashin ganin ƙodar shi ne mugun labarin.

Batun FDG na hoton PET ya fi kowanne nuna tsantsenin ƙoda. FDG gulukos ne da aka cire masa wani ɗan ɓangare a matsayi na biyu aka maye gurbinsa da fulorin-18, mai raguwa da rabi duk minti 110. Ƙwayoyin cutar kansa, masu haɗamar sukari, suna haɗiye shi ba tare da sun bambance ba. Ita kuwa ƙoda tana tace kusan giram 180 na gulukos a kwana, kuma ƙofofin SGLT2 da SGLT1 na bututun farko na dawo da shi kusan duka, shi ya sa fitsarin mai lafiya ba sukari. Amma ƙofofin nan suna buƙatar daidai ɓangaren da aka cire kafin su kama da kyau. Sai FDG ya wuce su, kusan kashi 20 cikin 100 ya shiga fitsari a cikin awa biyu. Sakamakon haka mafitsara da bututan fitsari na ƙyalli, ƙari da ke jikinsu ko kusa da su na iya ɓoyewa, ɗigon fitsarin da ya tsaya a bututu kuma na iya kama da kumburarriyar kaluluwa. Irin wannan matsalar na tasowa a hoton PSMA na kansar furostet (PSMA wani furotin ne da ke jikin ƙwayoyin wannan kansar), har aka samar da PSMA-1007 wanda ya fi fita ta hanta don mafitsara ta rage haske.

Shin duk wannan na cutar da ƙoda? Mutane na kwatanta shi da ruwan da ake yi wa mutum allurarsa kafin hoton CT, wanda mililita 100 nasa ke ɗauke da aidin giram 30 ko fiye, kuma ake taka-tsantsan da shi ga masu raunin ƙoda. Sinadarin bin sawu bai wuce 'yan miligiram ba, sau da yawa ƙasa da haka nesa, don haka ba ya ɗora wa ƙoda nauyi, har mai ciwon ƙoda mai tsanani ana yi masa. Radiyeshan ɗin gwajin MAG3 ko DMSA na babba bai cika kai milisibat 1 ba (milisibat ma'aunin radiyeshan da jiki ya sha ne), alhali matsakaicin abin da ɗan Adam ke samu daga ƙasa da iska da sararin sama a shekara milisibat 2.4 ne. Na FDG ya fi haka, wajen milisibat 5 zuwa 7, ban da na CT ɗin da ake haɗa shi da shi. Abin mamaki, ga sinadaran da ke fita da sauri, bangon mafitsara ne ke shan mafi yawan radiyeshan, ba ƙoda ba, domin ta ƙoda wucewa suke yi, a mafitsara kuwa zama suke. Shawarar da ake ba mutum cewa ya sha ruwa ya riƙa fitsari akai-akai ba ladabin sallama ba ce, ita ce ke rage wannan kason. In ƙoda ta gaza, sinadarin na daɗewa a jini, wani kaso na MAG3 ya karkata ta hanta da hanji, amma agogon awa 6 na teknetiyam na ci gaba da aikinsa ko ƙoda ta motsa ko ba ta motsa ba.

Inda ƙoda ke shiga hatsari na gaske shi ne lokacin da aka ɗauki wannan dabarar daga hoto zuwa magani. Lutetiyam-177 DOTATATE, wanda hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi a Janairun 2018 don wasu ƙari na hanji da pankiriyas (gaɓar ciki mai fitar da insulin), ƙaramin furotin ne ɗauke da ƙwayar zarra mai kashe ƙwayoyin halitta, wadda ke ɗaukar kusan kwana 6.7 kafin ta ragu da rabi. Yana ratsa matata, megalin ta ɗauka abin ceto ne, ta haɗiye. Ƙwayoyin bututun su narkar da furotin ɗin, amma ɓangaren da ke riƙe da lutetiyam ya maƙale a ciki yana ta ƙona su kwanaki. Mafitar ita ce a cika wa masu kamun hannu. Minti 30 kafin maganin ake fara ƙarin ruwa mai ɗauke da lisin da arjinin, wasu tubalan furotin biyu, kusan giram 25 kowanne, a ci gaba har wajen awa huɗu. Waɗannan biyun na gogayya da maganin a bangon bututu, sai mafi yawansa ya wuce fitsari, radiyeshan ɗin da ƙoda ke sha ya ragu da kusan rabi. Tashin zuciyar da masu jinya ke kuka da shi a ranar, galibi daga wannan ƙarin ruwan yake. Ana maimaita maganin sau huɗu, tazarar mako takwas, ana duba ƙarfin ƙoda kafin kowane zagaye. Ga lutetiyam-177 PSMA na kansar furostet kuwa ba a yin wannan ƙarin ruwan, domin shi ba ta hannun megalin yake maƙalewa ba: ƙwayoyin bututun farko su kansu suna ɗauke da PSMA a jikinsu, maganin na manne musu kai tsaye, lisin da arjinin ba su da abin da za su tare a nan.